Masu Teku a Falo

Tun tasowata a Sakkwato wuri uku na san kifi yana zama: cikin gulbi, cikin tiren mai talla, sai cikin miya. Yanzu an samu na huɗu. Kifi ya shigo falo, an ba shi wuri kusa da talabijin, an kunna masa shuɗiyar fitila, har yara ake kora waje don kada su tayar masa da hankali. Akwai wani gida da na je barkar haihuwa a Arkilla, maigidan bai gama amsa sallamata ba ya kama hannuna ya ja ni gaban wani akwatin gilashi. Sai da na yi rabin sa'a ina kallon kifi sannan na samu sararin tambayar lafiyar mai jego.

Abin da ke cikin akwatin nan ruwan teku ne, ko in ce ruwan da aka haɗa ya yi kama da na teku. An jera duwatsu a ƙasa, a kansu ga wasu abubuwa kamar fure, wasu kamar ƙahon barewa, suna rausaya a hankali. Ya ce mini murjani ne. Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen wuyan kakata, wanda ba ta fito da shi sai da Sallah. Ashe kafin ya hau wuyan tsofaffi dabba ne mai rai, da bakinsa da cikinsa. Irin wanda ake kiwo a gilashi kuwa har 'yan haya gare shi: wasu mitsi-mitsin tsirrai ne ke zaune cikin tsokarsa, suna sarrafa haske su ciyar da shi, su ne kuma ke ba shi launi. Ranar da ruwa ya yi zafi fiye da ƙima sai ya kori 'yan hayan, ya yi fari fat, ya zauna da yunwa har rai ya yi halinsa. Abin da ya sami babban murjanin gaɓar Ostiraliya ke nan a 2016 da 2017, can da teku ce sukutum.

To ga sharuɗɗan wannan baƙo. Gishiri giram 35 a kowace litar ruwa. Zafin ruwa tsakanin 24 da 26 a ma'auni, dare da rana, rani da damina. Ruwan kada ya kwanta, famfo ya yi ta juya shi. Fitila mai ƙarfi wajen sa'a takwas zuwa goma kullum. Yanzu ka kwaso sharuɗɗan nan ka kawo su garin da zafinsa ke haura 40 a watan Afrilu, inda da yawanmu ke leƙen ƙofa muna jiran mai kurar ruwa, inda in an kawo wuta yara ke sowa kamar an ga watan Sallah. Tsakaninmu da teku a Legas akwai wajen kilomita 1,000, ita ma gaɓar tamu ba ta tara irin wannan murjani, lakar da koguna ke kwararawa ba ta barinsa ya yi gida. Daga su Indunusiya da Filifin da Kenya ake ɗauko kayan a jirgin sama. Duk da haka akwai masu yi. Ba su da yawa. Masu akwatin ruwan daɗi da jan kifin nan na ado sun fi su nesa ba kusa ba, masu tankin tarwaɗa a bayan gida kuwa ba su ƙirguwa. Amma jirgi ɗaya ya kwaso su duka, na kuma zauna da su har ina iya rarrabe su tun daga yadda suke buɗe wa baƙo ƙofa.

Mai gayya mai aiki shi ne Alhaji Na-gani-a-Dubai. Ya je sarin kaya, abokai suka kai shi Dubai Mall, ya tsaya gaban tankin nan mai cin lita miliyan 10, kifaye masu faɗin ƙyaure suna wucewa ta saman hularsa. Bai ce uffan ba. Ya dawo gida ya kira yaron da ke sa masa gilashin taga, ya nuna masa hoto a waya: "Irin wanga nika so, amma daidai falona." Yaron da bai taɓa haɗa abin da ya wuce akwatin mai sayar da turare ba ya ce, "An gama, ranka shi daɗe." Ba wanda ya tuna cewa litar ruwa kilo guda ce, akwati mai lita 200 ya kai nauyin buhun siminti huɗu tun ba a sa dutse ko ɗaya ba. Teburin da aka ɗora shi a kai ya fara rusunawa tun daren farko.

Alhaji bai san sunan kifi ko ɗaya ba, kuɗinsu ya sani. "Wancan mai ratsin, kuɗin rago na. Wanga shuɗin, kuɗin babur." Ran da aka zuba ruwa, ran nan kifi goma sha biyu suka tare, domin an riga an gayyaci mutane walima. Abin da ba a gaya masa ba, ko aka gaya masa yana amsa waya, shi ne sabon akwati kango ne. Kifi na fitar da ƙazanta, ƙazantar na zama gubar da ake kira amoniya, ba kuma mai kawar da ita sai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke bukatar mako huɗu zuwa shida kafin su yaɗu a jikin duwatsun. Wato sai ka yi wata guda cur kana kiwon ruwa zalla, kana kallon dutse. Mutumin da ba ya jiran canji a kanti, ina zai jira ƙwayar da ba ya gani? Kwana tara aka yi kuɗin rago ya juya ciki sama, kuɗin babur ya bi sahu. Da na je jaje na tarar Alhaji ya riga ya gano dalili. "Bakin mutane na. Ran walima akwai wanda yak kalle su bai ce tubarkalla ba." Ya sake aikawa a kawo wasu goma sha biyu, wannan karon aka yi wa akwatin labule.

Ɗan dabara ba shi da aljihun Alhaji, amma yana da abin da yake ganin ya fi aljihu, wato kai. Galibi mai gyaran firji ne, ko wanda ya taɓa haɗa fanka da batirin babur unguwa ta yaba. Da ya ji kuɗin gishirin da ake shigowa da shi musamman don wannan aiki sai ya yi dariya: "Gishiri ai gishiri na." Ya hau babur ya nufi Tsohuwar Kasuwa. Lissafinsa daidai yake, giram 35 sau 200 ya ba shi kilo 7, ya auna bai rage ko ƙwaya ba. Sai dai gishirin miya abu ɗaya ne tal, ruwan teku kuwa tarkace ne, akwai kalsiyam da magniziyam da sauran ma'adinan da murjani ke gina ƙashinsa da su. Da abin ya ƙi, ya ce laifin gishirin zamani ne, ya koma na kaka da kakanni. Ya nemo kantun Bilma, irin wanda ayarin Abzinawa ke kawowa a raƙuma, ya nemo na Foga da ƙasar nan ta daɗe tana ci. Ruwa ya koma kalar kunu. Daga nan ya waiwayi kanwa.

Abin da ke ba ni haushi da ɗan dabara shi ne kullum yana dab da gaskiya, kamar zaure da ƙofar gida. Masu kiwon murjani a Turai da Amurka suna zuba wani farin gari, ɗan'uwan kanwa na jini, don kada ruwa ya yi tsami. Amma su da ƙaramin cokali suke aunawa, bayan sun gwada ruwan. Shi dumbuza ya yi. Haka batun sanyi. Injin sanyaya ruwan akwati tsada gare shi, yana kuma shan wuta kamar firji. Sai mutumin ya ciro bututun jan ƙarfe daga wata matacciyar na'urar sanyaya ɗaki, ya nannaɗe shi cikin randa, ya cika randar da ƙanƙara, ya sa ruwan akwati yana bi ta ciki yana komawa. Wallahi abin ya yi aiki. Ya tara mu muka ga ma'auni ya sauko 26 ana tsakiyar bazara, muka tafa masa. Ashe jan ƙarfe guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi, ɗan abin da ya narke cikin ruwa ya isa. Kafin Juma'a ta zagayo akwatin ya zama maƙabarta mai sanyi. Yanzu yana kan wani sabon bincike, ya ce saura ƙiris.

Ɗalibin YouTube shi ko hannunsa bai taɓa jiƙawa ba. Ya san sunan kowace na'ura, in ka faɗa ba daidai ba ya gyara maka. Malaminsa wani Ba'amurke ne da ke zaune a garin da ƙanƙara ke rufe ƙofa, don haka abin da ya fara saya shi ne hita. A Sakkwato, a watan Maris. Shekararta biyu cikin kwali tana jiran akwati. In za a yi masa adalci, akwai 'yan darare a tsakiyar hunturu da za ta yi amfani, ran da akwatin ya iso.

Sai wanda na fi jin tsoro, Mai awo. Shi wannan ba ya gaisawa da kai da safe sai ya gaisa da ruwa. 'Yan kwalabe ne jere a kan taga kamar na mai maganin gargajiya, ya ɗiga wannan ruwa ya yi rawaya, ya ɗiga wancan ya yi shuɗi, ya ɗauko littafi ya rubuta. Yana da matatar da ke tace ruwan bohol har ya zama babu komai cikinsa, kowace lita ɗaya mai kyau sai ta zubar da uku ko huɗu, waɗanda uwargida ke tarewa a bokiti don wanki. Duk mako yana kwashe kashi ɗaya cikin goma na ruwan ya zuba sabo. Masu kurar unguwar sun san gidansa fiye da gidan mai unguwa. Yana kuma da wani inji mai kama da kwalbar fitilar ƙwai, wanda ke kaɗa ruwa da iska ya yi kumfa, kumfar ta kwaso dauɗa ta tara a wani ɗan kofi. Abin da ke taruwa a kofin nan ba shi da maraba da ruwan kwata. In kai babban baƙo ne, sai ya ciro kofin ya kawo maka dab da hanci, fuskarsa cike da alfahari: "Shaƙa ka ji. Na kwana ukku na kawai."

Sola na kan rufi, batura na ƙarƙashin tebur, na'urar sanyaya ɗaki na ta huci, amma a ɗakin kifi. Iyali suna tsakar gida kan tabarma, kowa da mafici. Matarsa ta daina faɗa, ta raɗa wa akwatin suna. In ka yi sallama ka tambayi maigida sai ta ce, "Shina ɗakin amarya." Mun taɓa zuwa ɗaurin aure Tambuwal tare da shi. An zauna, waliyyai sun matso, liman ya gyara murya, sai wayarsa ta yi ƙara: yaro ne ke shaida masa an ɗauke wuta, batir kuma ya fara kuka. Kafin a shafa fatiha mutumin ya kai bakin titi yana tsayar da mota. Goronsa ni na kawo masa. Amma fa a faɗi gaskiya, kifinsa ba ya mutuwa. Yana da wani reshen murjani da ya ƙaru da tsawon ɗan yatsa cikin shekara, yana yawo da hotunansa a waya, na farkon shekara da na ƙarshe, kamar mai nuna ɗansa na fari. Ba na so a zaunar da ni kusa da shi a wurin biki. Amma da ni kifi ne, gidansa zan roƙa a kai ni.

Babban abokin gabar Mai awo a cikin gidansa yake kwana, kuma ba shi da ikon ɗaga mata murya, domin ita ta haife shi. Inna mai tausayi ke nan. Ƙa'ida ita ce a ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu, ragowar duk ruɓewa take ta zama guba. Inna ba ta yarda da wannan ƙa'ida ba. "Bayin Allah, tun jiya ba su sa komi bakinsu ba. Kun tsare su, kun hana su kiwo, ku ji tsoron Allah." In ka ja da ita ta tuna maka hadisin matar da ta tsare kyanwa, ka rasa ta cewa. Da ɗan nata ya sa ƙafa waje sai ta lallaɓo da gutsuren masa a gefen zane. Ya dawo ya ga maiƙo yana yawo a saman ruwa, ya tara yara yana tuhuma, ita kuwa tana gefe tana jan carbi. Jikoki ne rundunarta. Sun kalli fim ɗin Finding Nemo na 2003, labarin ɗan kifin da aka kamo daga teku aka jefa a akwatin wani likitan haƙori a Sidni, ubansa na nemansa shi kuma yana neman hanyar gudu. Darasin da yaran suka ɗauka daga wannan labari mai ban tausayi shi ne, "Baba, a sawo muna Nemo."

Masu zuwa kallo su ma iri-iri ne. Akwai wanda zai daɗe yana dubawa, hannu a baya, sannan ya juyo: "Wanga ba a ci nai?" In ka ce ba a ci, tausayinka zai kama shi. Akwai mai tambayar kuɗi, wanda kafin ya kai bakin ƙofa ya mayar da akwatin buhunan gero ya gaya maka ko nawa ne. Akwai mai ƙwanƙwasa gilashi da zobe don kifi ya kalle shi.

Amma duk ba su kai Kawu ba. Basarke ne, daga wajen Argungu, homa da gora ya tashi ya gani a gidansu. Tun yana saurayi yake faɗawa Matan Fada ranar bikin kamun kifin nan da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara. Mutumin da ya ga giwan ruwan da sai ƙarti sun taru suke ɗaga ta, shi aka kawo gaban kifi mai tsawon yatsa uku aka ce ya yaba. Ya duƙa, ya ƙura ido, ya miƙe. "Ɗana, wanga ko ƙugiya ba ta tanka mai." Aka yi masa bayanin wuta da batir da janareta. Ya girgiza kai. "In kihin da ba ya jiran wuta kaka so, sa minjirya, da wutatta taka yawo. In ko ruwa na babu, sa gaiwa." Kowa ya yi dariya, amma ni na daɗe ina juya maganar. Gaiwa huhu gare ta. In fadama ta ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar 'yar kafar numfashi, ta yi ta cin jikinta har ruwan sama ya sauka. Wannan ita ce kifin da aka yanka wa cibi a ƙasar nan.

Malamin jami'a kuwa da hujja yake zuwa. Zai gyara tabarau ya ce ku daina mamaki, ai nan ɗin da muke zaune teku ce a da. Kuma gaskiya ya faɗa. Fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take yanzu ya malale ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, ɓawon halittun ruwan nan ne da suka taru suka daskare, har yau ana tsintar kwasfarsu a ciki. Asalinsa ɗaya da ƙashin murjani. A yankin nan aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai kama da kada, masana suka sa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Wato simintin da aka gina falon da shi, ƙasan tsohuwar teku ne. "Saboda haka," in ji malam, "ba baƙon abu kuka kawo ba, teku kuka maido gida." Kawu na gefe yana ɓare goro. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Da ta ji daɗin zama nan, da ba ta tahi ba."

Can bayan gari, wajen Dambuwa ko Gidan Dare, akwai mai raina su duka: ɗan fansho mai tarwaɗa. Ran da kuɗin sallama suka shigo ya kafa tankin tamfol a bayan gida, ya zuba 'ya'yan kifi dubu, ya yi lissafi a bayan ambulan: kowane kilo guda cikin wata shida, sau kaza, a cire kaza, saura kujerar Makka. Shi a wurinsa kifin da ba ya shiga kasuwa ba ya shiga miya ɓarnar ruwa ne. Ya kuwa yi dacen zaɓe, domin tarwaɗa na iya leƙowa ta shaƙi iska, ruwan da zai kashe kifin Dubai cikin sa'a guda ita ko a jikinta. Abin da ambulan bai faɗa ba shi ne abincinta ke cinye mafi yawan jari, kuma in ba a rarrabe manya da ƙanana a kai a kai ba, wa ke haɗiye ƙane. Ga ruwan da yake saki a lungu, wanda ya sa maƙwabta suka san hanyar gidan mai unguwa. Ran kwasa aka ƙirga aka sake ƙirgawa, dubu ba ta cika ba, ko kusa. A ƙasan tanki ga wasu zabga-zabga guda biyar suna lumshe ido. Duk da haka ya fi sauran sa'a, shi kaɗai ne cikinsu ke iya cinye asararsa da yaji.

To ni fa, ina na faɗa? Ni ne ɗan amana, wanda ake bar wa makulli.

Wani aminina, ƙaramin almajirin Mai awo, ya tashi tafiya Umara cikin azumi, lokacin zafi ya fara kankama. Ya kira ni ya ba ni takarda shafi biyu. Na karanta layin farko da na ƙarshe, kamar yadda ake yi wa takardar magani. Abin da na riƙe shi ne: in ruwa ya ragu a ƙara. Da iskar nan tamu mai busar da wanki kafin ka gama shanya, ga fanka da ya ɗora tana hura saman ruwan don ya yi sanyi, kullum sai na tarar ya sauka da faɗin yatsa. Na yi tunani irin na masu ilimi: ruwan teku ne ya ragu, ruwan teku za a mayar. Na buɗe jarkar da ya haɗa mai gishiri na riƙa tuttulawa. Akwai yaro a gidan, ƙanen matarsa, bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu. "Baba, ba wannan aka sawa ba, waccan ta marar gishiri." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake karanta jarida. Duk matar da ta taɓa mance miya a kan wuta ta san ruwa ke tafiya, gishiri na nan. Ni sai da na kwana goma sha biyu ina ƙara wa miyar nan gishiri.

Daren sha uku aka ɗauke wuta tun la'asar. Ƙura ta rufe gilashin sola, batir bai cika ba, janareta ba mai. Wajen ƙarfe ɗaya na dare yaron ya buga mini waya. Na iso na tarar famfo ya yi shiru, falo ya yi ɗif, kifaye sun taso sama suna buɗe baki. In ruwa ya daina motsi iskar da ke cikinsa ƙarewa take, ruwa mai ɗumi kuma dama ba ya riƙe ta da yawa. Na tsaya riƙe da tocila ban san abin yi ba. Yaron ya shiga kicin ya ɗauko jug na roba, ya hau kujera, ya kamfato ruwan ya ɗaga sama ya tsiyayo shi, ya sake kamfata ya sake tsiyayowa. Ya ce haka yake yi duk ran da abin ya faru, yayan nasa na barci. Muka riƙa karɓa-karɓa, in kafaɗata ta gaji ya hau, in tasa ta gaji in hau, har mai ganga ya fara tashin mutane sahur.

Daga baya na gane dabarar nan ta girmi kakana. Wata Baturiya mai suna Anna Thynne, matar wani babban limamin cocin Westminster, ta kawo murjani mai rai Landan daga bakin teku a 1846, ta kuma riƙe shi shekaru a cikin gida, tun babu famfo babu lantarki. Sirrin shi ne kullum mai aikinta na tsayawa gaban taga tana juye ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, rabin sa'a ko fiye. Sunan uwargijiyar ake ambata in ana tarihin akwatin kifi. Na lura a Sakkwato ma haka abin yake. A kusan kowane gida da na ga kifi ya kai shekara, akwai wani yaro ko wata mata da ba a nuna wa baƙi, su suka san wace jarka ce wace.

Kifi uku suka tsira daren nan. Murjanin kuwa, tsakanin gishirina da zafin ɗakin, ya riga ya sallami 'yan hayansa. Aminina ya dawo ya ba ni dabino da zamzam, ya shiga falo, ya daɗe tsaye gaban fararen ƙasusuwan nan. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bai ƙara ko kalma ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ya kai wa Mai awo kifayen uku riƙo, ya shiga sahun tubabbu, waɗanda za ka gane su da akwatin gilashi a kusurwar falo cike da kwanukan tangaran, ko takardun makarantar yara, ko 'yan tsaki da ƙwan fitila. Shi ko ganin nasa bai so. Bayan Sallah da kwana biyu sai ga mai kura a ƙofar gidana da akwati, wai in ji aminin nawa a ba ni, tunda na iya.

Yana nan a zaure. Na je gadar Kwalkwalawa na sayo tarwaɗa guda mai rai a bokiti na saka. Ba famfo, ba fitila, ba littafin awo, in ruwan ya yi duhu yara su canza da na rijiya. Ta ga bazara biyu, ta yi gashin baki, ta kusa kai tsawon hannuna. Yara na kiranta Hajiya Dubai. Uwargida ta ce ta ba ta zuwa ƙaramar Sallah, ta ma riga ta sayi citta da masoro.